Kawuna da Kifin da Jirginsu Ya Kashe

Kawu ya rasu ranar Talata da hantsi a gidansa da ke unguwar Rikoto a Zuru, yana zaune a kan kujerarsa ta ƙarfe, da takalmi a ƙafarsa kamar mai shirin fita, alhali ya yi wata bakwai bai taka ƙofar gida ba. Yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma a gidansa na yi rabin ƙuruciyata.

Kafin azahar gida ya cika. Fasto ya zo da matan zumunta, tsofaffin sojoji suka zo da hulunansu da suka koɗe, maƙwabtanmu Musulmi suka shimfiɗa tabarmi a gindin mangwaro, danginmu na ƙauyen Kanya kuma suka iso a bayan mota ɗaya, da buhun dawa da akuya. Duk wanda ya shigo sai ya durƙusa gaban matarsa, wadda mu duka muke kira Mama, ya ce, "Sannu da haƙuri, Allah ya ba shi hutu." Mama ta ce, "Amin." Ko ɗigon hawaye babu a idonta.

Ni aka ba aikin kai ruwa waje, saboda haka ni na ji abin da ake faɗa a inda Mama ba ta ji. Wani tsohon soja da suka tashi tare ya girgiza kai ya ce, "Mutum ne mai gaskiya, amma ba a zama kusa da shi." Wata daga cikin matan zumunta ta ce wa 'yar'uwarta ƙasa-ƙasa, "Allah dai ya gafarta masa bakinsa." A bakin titi kuwa 'yan acaɓa sun jera baburansu suna jiran masu komawa gida. Na ji ɗayansu ya ce, "Baba Mai Kifi ya tafi." Wani ya rufe fuska da tafin hannu, ya maƙale murya ya ce, "Wayyo, na gan shi da ɗansa!" Suka fashe da dariya. Da suka gan ni da bokiti a hannu suka yi tsit, ɗaya ya ce, "Sannu da haƙuri, Malama."

Wannan dariyar ce ta sa na zauna rubutun nan. In aka bar shi haka, abin da garin nan zai riƙe game da shi ke nan: tsohon da ya yi wa kifi kuka a waya. Ba zan wanke shi ba. Kawu ya ƙuntata wa mutane da yawa, har da ni. Amma ina so a san yadda abin ya faru.

Kamar yawancin samarin ƙasarmu na wancan lokaci, soja ya shiga. Sai dai abokansa duk sojan ƙasa suka zama, shi kaɗai aka tura sojan ruwa, mutumin da bai taɓa ganin ruwan da ya fi rafin bayan gonarsu ba. Da ya gama aikin soja bai dawo gida ba, ya kama aiki a jiragen dakon kaya da ke tashi daga Legas. Sau ɗaya ko sau biyu yake zuwa a shekara. In ya tafi, gida ya sake, ana dariya da ƙarfi, ana cin abinci a tsakar gida. In aka ce ya kusa dawowa, Mama ta fara ciwon kai.

Kalmar da ya fi faɗa a duniya ita ce, "Sake." Ka share tsakar gida, ya fito ya duba lungu-lungu, ya ce, "Sake." Ka wanke masa takalmi, ya juya shi sama da ƙasa, ya ce, "Sake." Na taɓa goge masa riga sau huɗu da dutsen guga na gawayi, a karo na biyar ya karɓa ya jefa ta cikin bahon ruwa ya ce in fara daga wanki. Ba ya duka. Da ma duka yake yi, da an huta da wuri. Yana da wata irin magana mai sanyi da ke zama a cikin mutum shekara da shekaru. Wata rana gishiri ya yi yawa a miya, ya ajiye cokali ya dubi Mama a gabanmu ya ce, "Shekara bakwai na yi wa mahaifinki golmo, ina noma har bayana ya tsage, don in aure ki. Miya ɗaya kin kasa." Mama ta ɗauke kwanon ta fita. Ranar babu wanda ya ƙara cin abinci.

Amma shi ne kuma ya riƙe mu lokacin da mahaifina ya rasu. Ina da shekara tara. Ko kwana arba'in ba a yi ba, 'yan'uwan mahaifina suka ce gonarmu ta Kanya ta gidansu ce, mahaifiyata ta kwashe kayanta. Kawu yana hutu a lokacin. Ya ɗaura kujerar ƙarfen nan a bayan keke, ya tafi Kanya, ya kafa ta a bakin gonar ya zauna. Kwana uku yana zuwa da safe, yana tashi da yamma, bai yi wa kowa magana ba, bai amsa gaisuwar kowa ba. A rana ta uku babban baffana ya zo ya tsaya a gabansa. Kawu ya ɗaga kai ya ce, "Duk wanda zai sa fartanya a nan, ya fara zuwa ya ɗaga ni." Babu wanda ya zo. Har yau mahaifiyata ke noma wannan gona. Da ta durƙusa tana yi masa godiya tana kuka, cewa ya yi, "Tashi. Ba don ke na yi ba. Fuskarsu ce ba ta yi mini ba." Washegari ya ɗauko ni ya kawo ni Zuru, ya sa ni makaranta tare da 'yarsa ta auta, taubashiyata, wadda ta girme ni da shekara ɗaya. Gado ɗaya muke kwana.

Muna sakandare ya dawo gida gaba ɗaya, kuma a lokacin ne garin ya fara jin labarin kifin. In ya zauna da tsofaffin sojoji kowa yana ba da labarin inda ya je, shi sai ya ce akwai wata halitta a teku da ma'aikatan jirgi ke kira wel, wadda ta fi motar tirela tsawo. Ya ce ba ma kifi ba ce a gaskiya, iska take shaƙa, tana haihuwa, tana shayar da ɗanta nono. Ya ce jirginsu ya taɓa buge ɗaya da safe, ta mutu, ɗanta kuma ya bi jirgin har rana ta take.

Su kuwa sai su ce, "Giwan ruwa dai ka gani, irin na Argungu."

"Giwan ruwa ko loma ɗaya ba zai yi mata ba."

"To nonon fa, a ƙwarya ake tatsa?"

Sai dariya. Daga nan sunan Baba Mai Kifi ya fito. Kawu ya tashi ya ɗauki kujerarsa ya dawo gida, kuma duk wanda ya fara cin karo da shi a tsakar gida shi zai sha haushin.

Mutum ɗaya ce ta yarda da shi tun ranar farko: taubashiyata. Takan laɓe a bayan ƙofa tana saurare. Ta zana kifin a bayan littafin lissafinta, da ƙaramin a gefensa. Wata rana ta yi ƙarfin hali ta kai masa zanen. Ya duba ya ce, "Wutsiyar a kwance take, ba a tsaye ba. Sake." Ta sake. Ina ganin wannan ce magana mafi daɗi da ya taɓa yi mata.

'Ya'yansa maza biyu duk soja suka shiga, kamar yadda ya tsara. Ita ya ce aikin jinya za ta koya, ta yi aiki a asibitin bariki. Ta ƙi. Ta cike takardar jami'a a ɓoye, ta tafi Kudu ta karanta ilimin halittun teku. Bai je bikin gama karatunta ba. Da aka kawo masa hoton, ya riƙe shi nesa da fuskarsa ya ce, "Yarinyar da in ruwa ya cika rafi sai an goya ta."

Shekaru suka wuce, ni na zama malamar firamare a nan Zuru, ita kuma tana can bakin teku. Bara da damina ta zo gida da wata buƙata. Ta fara yi mini bayani a ɗakina. Ita da abokan aikinta suna so su sa wata na'ura a teku, a kan hanyar da manyan jirage ke bi zuwa tasha. Abu ne kamar babban duro da ke shawagi a kan ruwa, an ɗaure shi da sarƙa, yana da kunne a ƙarƙashi. Kifayen nan suna kuka a cikin ruwa, kuma kukansu yana tafiya nesa. In kunnen ya ji, sai na'urar ta aika wa jiragen da ke kusa saƙo su rage gudu. Ta ce kifayen sun ragu ƙwarai a duniya, wasu irinsu sun kusa ƙarewa, kuma jirage na cikin abubuwan da ke kashe su. Na'urar tana da tsada. Akwai wata ƙungiya ta ƙasar waje da ke ba da tallafi, amma masu nema sun yi yawa. An gaya musu cewa in suna da shaidar wani ma'aikacin jirgi da ya gani da idonsa, a ɗauke shi a bidiyo, buƙatarsu za ta fi ƙarfi.

"Shi ne shaidar," in ji ta. "Ina da shi a gida."

Na ce, "Kin san halinsa."

"Na sani. Amma labarinsa ne. Shekara nawa ana ce masa maƙaryaci?"

Ta yi kuskure guda: ta same shi da maganar ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, yana zaune da baƙi a gindin mangwaro. Ina jin ta ɗauka ba zai wulaƙanta ta a gaban mutane ba. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi bayani dalla-dalla. Ya bar ta ta gama. Sannan ya ce, "Ke, kin taɓa tsayawa a goshin jirgi?"

"Na hau ƙananan jirage, Baba."

"Kwale-kwale. Na ce jirgi. Kin san jirgin da ya ɗauko kaya, in aka kashe injinsa yanzu, nisan da zai yi kafin ya tsaya? Kin san abin da mai jirgi zai yi wa kyaftin in ya makara?"

"Shi ya sa muke so saƙon ya isa da wuri, Baba."

Ya juya ga baƙinsa ya ce, "Kun ji. An tura ta karatu, ta dawo da duro mai kunne. Yanzu kuma tana so ta kai ubanta bara wajen Turawa." Ya sake dubanta. "Yayyenki suna daji ana harbinsu, ke kina gadin kifi. Tashi ki ba ni wuri. Da na san abin da za ki zama ke nan, da kuɗin makarantarki akuya na saya."

Wasu baƙin suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Ta tashi, ta kakkaɓe gwiwarta, ta shiga ɗaki ta haɗa jakarta. Ba ta kwana ba. Na raka ta tasha, ba ta yi kuka ba sai da mota ta fara motsi.

Da maganar ta tsaya nan. Sai dai bayan sati biyu wani maƙwabci da ke wurin ranar ya ce a majalisa, yadda Kawu zai ji, "Ashe dai ƙarya ce. Shi ya sa ya ƙi a ɗauka, kada masu ilimi su kama shi." Washegari da safe, ina shirin tafiya makaranta, Kawu ya aiko a kira ni. Na same shi ya sa farar riga mai guga, ya taje gemu, ya kafa kujera a tsakar gida.

"Malama, wayarki tana ɗaukar hoto mai motsi?"

"Tana yi, Kawu."

"Kunna. Kada ki sa mini baki."

Na ɗauka labarin da na sani zan ji. Ba shi ba ne.

Ya ce a wancan jirgin aikinsa da safe shi ne tsayawa a goshin jirgi yana kallon ruwa, da rediyon oba-oba a hannu, in ya ga wani abu ya gaya wa hafsan da ke sama. Sati uku kafin abin ya faru, ya hango wani baƙin abu ya yi kira, aka rage gudu, aka karkata jirgi, ashe kututturen itace ne. Hafsan ya tara ma'aikata ya tsayar da Kawu a tsakiya. Ya ce ga ɗan dutse, wanda a garinsu a ƙwarya ake ganin ruwa, ya tsayar da jirgi saboda icce. Ya sa shi ya durƙusa ya wanke dandamalin jirgi da buroshi a cikin rana, yana gamawa a ce ya sake. Daga ranar duk wanda ya gan shi sai ya nuna teku ya ce, "Icce! Icce!" Kawu kuwa mutum ne da ya yi shekara ashirin a soja, yana da 'ya'ya.

"Ranar da abin ya faru," in ji Kawu, "ruwa a kwance yake kamar tabarma. Na ga feshin numfashinsu tun daga nesa. Biyu ne, babba da ƙarami. Ba icce ba ne, na san ba icce ba ne. Akwai lokaci. Da na yi magana, da an kauce. Oba-oba tana hannuna, yatsana yana kan maɓalli. Na ce a raina, bari hafsan ya gani da kansa, tunda shi ya san ruwa."

Ya gyara zama ya ci gaba.

"Jirgin ya ɗan girgiza, kamar mota ta taka rami. Shi ke nan. Na ruga baya na duba. Farfela ta tsaga mata baya, ruwa ya yi ja. Ƙaramin yana zagaya ta, yana tura ta da kai. Da ta nutse, sai ya biyo mu. Hafsan ya kira ni, muryarsa tana rawa, ya ce, ka ga wani abu? Na ce, ban ga komai ba, ranka ya daɗe. Kuma na ji daɗi. Ki bar wannan a ciki, Malama. Na ji daɗi da na ji muryarsa tana rawa."

Sai fuskarsa ta karye. Ban taɓa ganin haka ba, ban ma san tana iya yi ba. Ya rufe ta da tafin hannu, kafaɗunsa suna jijjiga, yana cewa, "Na gan shi, na gan shi da ɗansa... na gan ta da ɗanta." Hausa ma ta ruɗe masa. Na so in kashe wayar, ya ɗaga mini hannu. Da ya dawo cikin hayyacinsa ya share fuska da hannun riga ya ce, "Ki gaya mata, abu ɗaya ne mai kyau a duron nata. Ba ya jin kunya. Ba a tara mutane a zage shi. Amma in ya faɗa, wa zai tilasta wa jirgi ya saurara? Ta tambayi masu kuɗin wannan. Kashe."

Na ce, "Kawu, in cire wajen kukan?"

"Ki aika duka, ko kada ki aika."

Na aika duka. Taubashiyata ta fassara ta miƙa. Bayan wata biyu mutanen ƙungiyar suka fitar da bidiyon don neman gudummawar jama'a. Minti goma sha takwas na ɗauka, abin da suka bari bai kai minti ɗaya ba. Babu hafsan, babu iccen, babu yatsan da ke kan maɓalli, babu tambayar da ya ce a yi musu. Tsoho ne kawai cikin farar riga yana kuka yana cewa ya gan shi da ɗansa, an sa wani kiɗa mai taushi a ƙarƙashi. Daga baya taubashiyata ta gaya mini cewa sun nuna mata kafin su sake shi. Sun ce haka ne yake taɓa zuciyar masu bayarwa. Lokaci ya ƙure, abokan aikinta suna jiranta, ta ce to.

Ban san wanda ya fara ganinsa a Zuru ba. Cikin kwana uku yana cikin kowace waya. Kawu ya fita sayen batirin rediyo, 'yan acaɓa suka bi shi da "Wayyo kifina!" A kasuwa wata mai sayar da banda ta ja buhu ta rufe tirenta ta ce, "Baba, bari in ɓoye su kada ka yi kuka." Ya je majalisar tsofaffin sojoji, ya tarar an ajiye busasshen tarwaɗa a inda yake kafa kujerarsa. Waɗannan mutane ne da ya zaga a baya, ko ya zagi iyayensu, ko ya kore su daga ƙofar gidansa. Shekara da shekaru suna tsoron bakinsa. Yanzu sun samu inda yake da taushi, kowa ya zo da yatsansa. Ban ga wanda ya hana ba. Ni ma da nake wucewa ina jin ana yi, sauri kawai nake ƙarawa.

Ya sa na kira masa 'yar tasa sau ɗaya. Ya karɓi wayar ya ce, "Kin iya talla. Allah ya sa sun saye ni da daraja." Ya miƙo mini wayar tana ta "Baba, Baba" a ciki. Daga ranar bai sake fita ba. Kowace safiya ya yi wanka, ya sa takalmi, ya zauna a tsakar gida. Ya daina cewa a sake komai. Mama ta ajiye masa abinci, ya ci ko ya bari.

Tallafin ya fito. Taubashiyata ta kira ni tana haki, ta ce an ba su na shekara ɗaya, na'ura ɗaya, in an ga amfaninta a ƙara. Ta roƙe ni in kai masa wayar. Na je na durƙusa na ce, "Kawu, an samu. Tana so ta yi maka godiya." Bai dubi wayar ba. Ya ce, "Ki gaya wa mai kiran ta yi kuskuren lamba. Ba ta da uba a Zuru." Ta ji da kunnenta. Ta ƙara kira sau da yawa a watannin da suka biyo baya, amsar ba ta canja ba.

Ranar da ya rasu tana cikin teku, suna sauke na'urar, inda waya ba ta shiga. Saƙona bai same ta ba sai bayan kwana biyu. Aka binne shi babu ita. Dangi suka samu abin taunawa. Wata gwaggo ta ce a gaban kowa, "Kifi ya fi mata uba."

Ta iso a rana ta biyar da la'asar, baƙi sun ragu. Rana ta ƙona mata fuska, leɓenta ya tsattsage. Yayyenta suka amsa gaisuwarta ba su dube ta ba. Na kai ta kabarin, ta tsaya ta daɗe. A hanyar dawowa na tambaye ta ko na'urar tana aiki. Ta ce tana yi. Tun kafin su bar wurin ta ji kukan kifi, ta aika saƙo. Wasu jiragen sun rage gudu. Wasu sun wuce abinsu, kuma babu dokar da za ta kama su.

Muka shiga ɗakin Mama. Tana zaune a bakin gado tana tsince wake a faranti. Taubashiyata ta zube a gabanta ta kama ƙafarta ta ce, "Mama, ni na kashe shi. Ki yafe mini."

Mama ta ci gaba da tsintar wake. Can ta ce, "Ba ke kika kashe shi ba. Tsufa ne da taurin kai. Saki ƙafata, ki zauna. Ke ma Malama zauna, tunda ke kika riƙe wayar."

Muka zauna a ƙasa.

"Kafin yayyenki akwai wani," in ji ta. "Ba ku san shi ba, don babanku ya hana a ambace shi. Ɗana na fari. Yana da shekara biyu, ya fara magana. Baƙon dauro ya ɗauke shi, babanku yana teku. Ni da kakarku muka binne shi. Bayan wata huɗu ya dawo, ya sayo masa takalmi. Na tare shi a ƙofar gida na gaya masa. Ya ce in nuna masa wurin, na nuna masa. Ya tsaya ya duba, ya juyo ya ce mini, yau an share tsakar gidan nan kuwa?"

Ta ture wani ruɓaɓɓen wake gefe.

"Na ce a raina, haka Allah ya yi shi. Babu ruwa a idonsa, kamar yadda ake haihuwar wani babu ji. Da wannan na yi haƙuri. Da shi na zauna fiye da shekara arba'in, ya zage ni in ce ba laifinsa ba ne, ba a ba shi ba ne. Sai ga maƙwabciya ta shigo da waya tana dariya, ta ce, Mama, zo ki ga maigidanki."

Taubashiyata ta ce, "Mama, ban so a nuna wa duniya haka ba."

"Ina ruwana da duniya? Su gani. Ban yi fushi don kin nuna musu ba." Mama ta ɗago ta dube mu, ni da ita. "Abin da ba zan yafe muku ba shi ne, yanzu na san yana da hawaye. Yana da su duk shekarun nan. Ɗana ne bai zubar wa ba."

Ta miƙo mini farantin ta ce in kai a ɗora, akwai sauran baƙi da za su ci. Na karɓa na fita. Taubashiyata ta yi kwana biyu ta koma bakin aikinta.

Allah ya ji ƙan Kawu, ya yi masa sauƙin da shi bai iya yi wa kowa ba. Allah ya ba Mama tsawon rai da ɗan hutu a gidan nan. Mu da muka yi dariya, da mu da muka ji ana yi muka ƙara sauri, Allah ya yafe mana.